Yadda Ba-Wuya Ya Ƙara wa Motar Surukinsa Wuta

A wani layi mai shaguna jere, tsakanin shagon Tela da na Mai Aski, akwai kantin kayan wuta na wani mutum da kowa ke kira Ba-Wuya. Da bakinsa ya samo laƙabin. In aka ce famfo ya toshe, sai ya ce ba wuya. In aka ce jirgin sama ya lalace a can cikin gajimare, sai ya tambayi irin jirgin tukuna, sannan ya ce ba wuya. A ganinsa, wanda ya shafe shekaru yana sayar da ƙwan fitila da fanka da soket, wutar lantarki ta zama ƙanwarsa, ba abin da za ta ɓoye masa.

A garejin gidansa, bayan kantin, akwai wata tsohuwar mota 'yar ƙarama mai kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kwale-kwale. Koriya ce. Wani lokaci in na tuno ta sai in gan ta shuɗiya, amma wannan ƙofar garejin ce, motar dai koriya ce. Ba tasa ba ce. Ta marigayi surukinsa ce, ta faɗo a rabon gadon matarsa, ita kuma ta ba shi makulli ya riƙe. Makullin nan shi ne girman Ba-Wuya a layin. Ko wanka zai shiga sai ya rataye shi inda zai riƙa hango shi.

Akwai kuma mai harin makullin, wato Auta, ƙanin matar, likitan haƙori. A taron tsofaffin motoci na bara, inda ake zagaya fili a hankali jama'a na kallo, Ba-Wuya ya danna oda a gaban rumfar alƙalai, sai motar ta yi wani ɗan kuka kamar akuya mai mura. Tun daga ranar, duk inda suka haɗu, Auta ba ya ko gaisuwa sai ya fara cewa, "Meee." An ce har marasa lafiyarsa yake yi wa, bakinsu a buɗe, ba halin su ce ya isa.

Laifin kuwa na dainamo ne, ɗan injin da ke ɗura wa batir wuta in mota na tafiya. Na wancan zamanin, in ba gudu ake yi ba, kasala gare shi. Da taron bana ya matso, Ba-Wuya ya shiga wajen matarsa da sifana a hannu.

"Uwargida, kin san ciwon motar Baba?"

"Na sani. Ga shi nan tsaye a gabana da sifana."

"Ki bar wasa. Ƙarancin wuta ke damunta. Zan cire dainamon nan in sa mata altaneta, babba, irin na zamani. Bana in na danna oda, Auta sai ya haɗiye abin cire haƙorinsa."

Ta ajiye rigar da take ninkewa ta dube shi. "Baban yara, ji da kyau. Kada ka yanka komai, kada ka huda komai. Kuma duk ranar da motar Baba ta mutu maka a gaban jama'a, ka kawo mini makulli da hannunka, kada ka sa in tambaya. Auta ya daɗe yana roƙo."

"Ba wuya," in ji shi.

Ya tafi inda ake farfasa tsofaffin motoci. Mai wurin ya nuna masa wani altaneta madaidaici, ya ce wannan zai zauna daram. Ba-Wuya ya ture shi da ƙafa, ya nuna wani ƙato da aka ciro daga jikin bas.

"Wancan nake so."

"Maigida, wancan fasinja hamsin yake haskawa."

"To ni da matata ba mu kai fasinja hamsin daraja ba?"

Mai wurin ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "To ka sani, irin motarka ta dā, batirinta a juye ake ɗaura shi, ba kamar na yanzu ba. Kafin ka sa wannan sai ka juya kawunan batirin. In ka juya kuma, akwai wayoyi biyu a bayan agogon wuta da za ka..."

"Ba wuya, ba wuya," in ji Ba-Wuya. Ya riga ya rungumi ƙarfen ya yi gaba, yana tafiya a karkace.

Abin da bai tsaya ya ji ba ke nan. A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura ɗaya. In wuta na shiga batir, allurar ta karkata dama, in tana fita, ta karkata hagu. Wanda ya juya batir bai juya wayoyin agogon ba, to allurar za ta riƙa faɗin gaskiya ne a juye: fita ta zama shiga a wurinta.

Ana gobe taro ya turo motar bakin layi don kowa ya shaida. Tela ya bar keken ɗinkinsa ya fito da tsinken allura a baki. Mai Aski ya bar wani da rabin kai a aske. Ba-Wuya ya kwance dainamon ya jefa shi kwandon shara, ya ce, "Ka huta, tsoho." Uwargida ta zo wucewa da bokiti, ta ɗan tsaya a wajen kwandon, ta wuce.

Altanetan bas bai san da zaman ƙaramar mota ba. Ya saka shi ta dama ya ƙi, ta hagu ya ƙi. Da ƙyar, da 'yan ƙarafa da notuna na aro, da wani ƙarfen rataye labule, ya samu ya maƙale, a ɗan karkace. Ya juya kawunan batir. Nan take rediyon marigayi, wanda ya shekara talatin ko arba'in bai taɓa ko tari ba, ya yi fuuu, ya fitar da wani siririn hayaƙi mai warin ƙonannen gashi.

"Me ya ƙone?" in ji Mai Aski. "Warin nan na san shi, amma ba daga shagona ba ne."

"Tsohuwar wuta ce ke fita," in ji Ba-Wuya, yana fifita da hularsa. "Dole ta ba sabuwa wuri."

Ya zo rufe bonet, bonet ya ƙi rufuwa, ƙaton ya tokare shi. Ba-Wuya ya ɗauko zarto. Daga tagar kicin aka ji an yi gyaran murya. Ya mayar da zarton a hankali kamar dā ma duba haƙoransa yake yi. Ƙarshe Tela ne ya ɗinka masa wata ɗamara da ragowar yadin labule mai furanni, aka ɗaure bonet ɗin, ya tsaya a ɗan buɗe.

"Kamar tana hamma," in ji Tela.

"Murmushi take yi. Ta ji ƙarfi a jikinta."

Ya tayar da ita. Inji ya kama, amma bel ɗin da ke juya altanetan, da yake a karkace yake, sai ya ɗauki wata ƙara mai tsinka kunne, ƙiiiii, har karnukan layin suka amsa. Mutumin nan mai rabin aski ya toshe kunnuwansa da tawul.

"Ba-Wuya, kashe ta! Yanka ta kake yi?"

"Ba wuya!" Ya kashe, ya ɗebo giris da yatsa biyu ya shafe bel ɗin ciki da waje, har yana sheƙi. Ya sake tayarwa. Shiru. Ba ƙara ko kaɗan, don bel ɗin yanzu sulɓi kawai yake yi, ba abin da yake juyawa da kirki. Ba-Wuya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji? Ilimi ke nan. Ba a sayar da shi a kanti, da na sayar."

Sannan ya zauna a kujerar direba ya kunna fitilu. Allura ta yi tsalle ta koma dama. Zuciyarsa ta yi fari. Ya kunna waifa mai share gilashi, allura ta ƙara gaba. Ya danna oda, ta ƙara.

"Ku zo ku gani! Tela, leƙo! Duk abin da na kunna, wuta ƙaruwa take yi!"

Tela ya leƙa. "Ikon Allah. Ni a gidana in na kunna dutsen guga, fitila dushewa take yi."

"Ai gidanka ba altanetan bas."

Ya kashe injin don ya yi bayani da kyau, ya manta fitilun a kunne. Sai Mai Aski ya nuna agogon da tsinin almakashi.

"To ga inji a kashe, allurarka kuma tana dama. Yaya ke nan?"

Ba-Wuya ya duba. Ya sosa ƙeya. Sai fuskarsa ta washe.

"Kun ga abin da nake gaya muku? Ko a kashe aiki yake yi! Ƙarfin ya yi masa yawa, ba ya iya tsayawa!"

Daga nan kuma ba mai riƙe shi. Tunda kowane kaya ƙara wuta yake yi, ai rashin kaya asara ne. Ya shiga kantinsa ya yi ta jido. Ya jera ƙananan fitilu masu launi daga hancin motar har wutsiya. Ya ɗaura manyan fitilu biyu irin na babbar mota. Ya kafa fanka biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Uwargida, a motar da ba ta da rufi. Ya sa oda mai bututu uku. A gurbin rediyon marigayi ya ɗora lasifika da makirufo, ya rufe ƙunar da ɗan ƙyalle. Akwai ma wata 'yar butar dafa ruwa, ko kuwa wannan a wata motar na gani? A'a, a nan ne, don na tuna yadda take rawa a kan cinyar Uwargida. Dukkansu da igiya da salatif ya ɗaure su, bai huda komai ba, wannan kam a ba shi.

Washegari da hantsi Uwargida ta fito cikin kwalliya, ta tsaya tana kallon motar ubanta.

"Baban yara, mota ce wannan ko kantinka ne ya yi ƙafa?"

"Shiga kawai, yau za ki ga aiki."

"Ina rediyon Baba?"

"Yana hutawa."

Ya murɗa makulli. Motar ta yi wani nishi, gur... gur... kamar wanda aka tasa daga barci mai nauyi, sannan da ƙyar ta kama.

"Me ya sa take jan numfashi haka?"

"Miƙa take yi. Mai ƙarfi ba ya tashi da gaggawa."

Suka fita. A daidai kwanar layin wani abu ya yi fat a ƙarƙashin bonet. Ba-Wuya ya dubi allura, ya gan ta a dama daram, ya ce dutse ne. Tela da Mai Aski, da suka rufe shaguna don kada a ba su labari, suna biye a baya a kan keke ɗaya, Mai Aski na tuƙi, Tela na ba da umarni.

Filin ya cika. Tsofaffin motoci sun yi layi, kowace an goge ta tana ƙyalli, masu su na tafe a hankali suna ɗaga hannu. Auta na tsaye a gaban rumfar alƙalai cikin fararen kaya, ya harɗe hannuwa. Da ya hango su ya haɗa tafin hannu a baki.

"Mijin Yaya! Meee!"

Ba-Wuya ya danna oda mai bututu uku. Ƙarar da ta fita ta sa tsuntsaye suka watse daga kan rumfa, wani alƙali ya zubar da ruwan da yake sha, Auta ya ja da baya har ya taka ƙafar wani. Daɗi ya kashe Ba-Wuya. Ya shiga kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka: manyan fitilu, ƙananan fitilu, fanka, fanka, buta. Allura ta tafi dama har ta jingina da ƙarshen agogo. Ya ɗauki makirufo.

"Jama'a, ku matso ku ga aikin hannu! Wannan mota da kuke gani, wutar da ke cikinta ta isa ta haska unguwa guda! Duk wanda batirinsa ya yi sanyi, ya zo in sam masa!"

Mutane suka yi ta tafi, yara na bin su a guje. Uwargida ta dafe ɗankwalinta da hannu ɗaya saboda fanka, ɗaya hannun na riƙe da buta.

"Baban yara, ina jin wari."

"Warin nasara ne."

"Nasara ba ta warin tafasasshen ruwa. Kuma ba butar nan ba ce, ita ko ɗumi ba ta yi ba."

Suka zagayo karo na biyu. Fankar Uwargida ta fara juyawa a hankali, har ana iya ƙirga fukafukanta. Ƙananan fitilun suka koma ja-ja kamar garwashin da ya kwana. Ba-Wuya bai gani ba, idonsa na kan allura. Da suka sake zuwa gaban rumfa ya danna oda don ya ƙarasa Auta.

Odar ta ce, "Meee."

Auta ya dafe ƙirji. "Wallahi ba ni ba ne! Yaya, ki shaida, bakina a rufe yake!"

Ba-Wuya ya sake dannawa. Wannan karon ko akuya ba ta kai ba, sauro ne. Inji ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya sake tari, ya mutu, daidai gaban babban alƙali. Sai ga tururi ya turnuƙo ta bakin bonet ɗin nan mai murmushi, fari fat, ɗamarar Tela mai furanni ta jiƙe sharkaf. Ai bel ɗin da ke juya altaneta shi ne ke juya fankar inji da famfon ruwa. Motocin da ke baya suka tsaya cak, kowa na danna tasa odar, kuma kowace ta fi tasa lafiya.

"Ba mutuwa ta yi ba!" Ba-Wuya ya faɗa a makirufo, muryarsa na fita ƙasa-ƙasa, a shaƙe. "Wuta ce ta yi mata yawa! Ku zo ku dubi allura! Tana dama!"

Sai ga Tela da Mai Aski sun kutso cikin fili a kan kekensu, suna haki. Tela ya sauko, yana riƙe da wani baƙin abu da yatsa biyu, nesa da rigarsa, giris na ɗiga.

"Ba-Wuya, wannan naka ne? A kwanar layinmu ya faɗo daga ƙarƙashinka. Mun yi ta kira, odarka ba ta bari ka ji ba."

Bel ɗin ne. Babban alƙali ya sauko daga rumfa, ya ɗaga gilashinsa ya dubi bel, ya leƙa ta bakin bonet ya dubi ƙaton altanetan da ke zaune shiru abinsa, ko gumi bai yi ba.

"Wato tun daga gida bai juya ba?"

"Ranka ya daɗe, irin wannan ba sai ya juya ba. Jiya ma a kashe..."

Uwargida ta miƙa hannu ta kashe fankarta. Allura ta ɗan dawo. Ta kashe tasa, ta ƙara dawowa. Ta kashe fitilu, ta zare wayar buta, allura ta dawo kusan tsakiya. Makirufon na kan cinyarsa a kunne, kuma ɗan ragowar wutar da ke batirin, da aka sauke masa kaya, ya isa ya kai muryarta har ƙarshen fili.

"Baban yara, allurar nan ba abin da ke shiga take nuna maka ba. Abin da kake sha take ƙirgawa. Tun jiya kake tatsar batirin nan kana yi masa kirari."

Dariyar da aka yi, har masu sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa sai da suka shigo tambaya. Ba-Wuya ya buɗe baki. Lasifikar ta ɗauko "Ba wu..." sai ta yi ƙit, ta ɗauke.

Ya ajiye makirufon a cikin tururi. Sannan, ba tare da an tambaye shi ba, ya zare makullin ya miƙa wa matarsa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Auta ya matso da sauri, yana goge tafin hannunsa a jikin farar rigarsa, ya miƙo shi.

"Yaya, Allah ya saka. Dā ma na share gareji."

Ta dubi hannun nasa. "Auta, kai da ka mayar da motarka cikin katangar asibitinka da baya?"

"Yaya, ai katangar ce..."

"A wannan motar Baba ya koya mini tuƙi, kana goye. Na bar muku ne don na ga kuna so. Baban yara, sauka. Auta, naɗe hannun riga. Ku tura."

Ta zagayo ta zauna a kujerar direba, ta gyara madubi daidai tsayinta. Haka aka fita da motar daga fili: Uwargida a sitiyari, ta ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa, mijinta da ƙaninta a baya suna turi, Tela na biye da bel, Mai Aski na jan keke. Jama'a suka yi mata tafin da ba a yi wa kowa ba ranar. Ba-Wuya, gumi na zuba, ya juya ya ce wa Auta, "Ka ga yadda take riƙe sitiyari? Ni na gyara mata hannu."

"Tura, mijin Yaya," in ji Auta. "Meee."

Dainamon nan da aka jefa a kwandon shara, ashe yana cikin bokitin Uwargida tun ranar, ta naɗe shi da tsohon zani ta ajiye a bayan buhunan kicin. Aka mayar da shi gurbinsa, aka mayar da batir yadda marigayi ya bar shi, bonet ya rufe bakinsa. Rediyon ne dai bai tashi daga hutunsa ba. Altanetan bas kuwa ya sami aiki a kantin Ba-Wuya, shi ke tokare ƙofa in ana iska, kuma a wannan aikin ba a taɓa kama shi da laifi ba.

Yanzu duk yammacin da gari ya yi daɗi, sai ka ga koriyar motar ta fito daga layin, Uwargida na tuƙi, Ba-Wuya na gefe. Ya gaya wa Tela cewa shi ne mai kula da agogon wuta, aikin da ya fi tuƙi wuya. Yakan zauna ya ƙura wa allurar ido, tana tsaye a tsakiya, ta ɗan karkata dama kaɗan kamar mai jin kunya. Sai ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya.

"Uwargida, motar nan ta yi rauni. A zamanina, har ƙarshe allurar nan take kaiwa."